Gyambo a kan tsohon tabon ƙuna: yadda wani gida a Rigasa ya nemi magani, ya zaɓi asibiti

Matar da wannan bayani ya shafa ta haura shekara 50, tana zaune a Rigasa, sana'arta tuyar ƙosai da safe. Na san lamarinta ne ta wajen babbar 'yarta, wadda ta riƙa kawo mini takardun asibiti muna dubawa tare. Da yardarsu nake rubuta wannan, na kuma bar sunaye.

Tun tana yarinya ta faɗa wutar jin ɗumi a wani hunturu a ƙauyensu, ƙwaurinta na hagu ya ƙone daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. A gida aka yi jinya. Ƙunar ta daɗe ba ta rufe ba, da ta rufe kuma sai ta bar tabo mai sheƙi, fari-fari a tsakiya, fatar a ɗame. Da tabon nan ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, ta aurar da wasu. Duk hunturu yakan ɗan tsage, ta shafa man kaɗanya ya haɗe. Ba ta taɓa lissafa shi cikin ciwo ba.

Abin ya fara ne da ɗan karce. Tana gyara itace a murhu wani reshe ya yage ta a tsakiyar tabon. Mako biyu, wata guda, wata uku, wurin bai rufe ba. Mai kemis na bakin layinsu ya riƙa wanke mata, ya ba ta kafso ta sha, ya buɗe wani ya barbaɗa garin a kai, ya naɗe da bandeji. Ciwon yakan bushe ya yi ɓawo, a ce Alhamdu lillahi, sai ɓawon ya ɗaye a tarar ramin ya fi da faɗi. Daga nan aka shiga na gargajiya: na shafawa, na wanki, na sha, har da rubutu. Wata maƙwabciya ta ce sammu ta taka, tunda ƙosanta ya fi na kowa ciniki a layin.

Ba na ganin wautar kowa a wannan mataki. Gyambo ba baƙo ba ne a gidajenmu, kuma mafi yawansa ba ciwon daji ba ne. Akwai na ciwon suga, akwai na masu sikila da ke fitowa a idon sawu, akwai na jijiyoyin jinin ƙafa da suka gaji. Wanda ya sha ganin gyambo ya warke da wanki da haƙuri ba zai kawo wani abu a ransa ba. Sai dai wannan ya fara canza kama. Bakinsa ya yi kauri ya juyo waje, nama ya tsiro a ciki tudu-tudu, da an cire bandeji sai jini, ga wari da turare ba ya ɓoyewa. Masu sayen ƙosai suka fara kallon ƙafar kafin su kalli kasko. Dole 'yarta ta biyu ta karɓi tuyar.

Yankan farko

Kusan shekara guda da farawa aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba shi da nisa da gida. Wanda ya duba ta ya ce naman banza ne ya tsiro, shi ya hana ciwon haɗewa, a kankare shi kawai. A ranar aka yi. Babbar 'yar tana bakin ƙofa ta hango guntun naman a ɗan farantin ƙarfe, tare da audugar da ta jiƙe da jini, mai shara ta zo ta kwashe duka. Babu wanda ya tambayi inda za a kai shi, domin babu wanda ya san ana kai shi wani wuri.

A duk tarihin ciwon nan, a nan aka fi tafka asara, fiye da watannin kemis da na gargajiya. Asarar farko ita ce sunan ciwon. Ido kaɗai, ko na babban likita ne, zato yake yi. Abin da ke tabbatar da daji shi ne a kai naman ɗakin gwaji, likitan da ya ƙware a duban nama ya sa shi a madubin likita. Yanke nama daga gyambon da ya ƙi warkewa a zubar da shi daidai yake da mutum ya biya kuɗin fili ya jefa takardar a kwata. Asara ta biyu ita ce iyakar ciwon. Daji yana da saiwar da ido ba ya gani a cikin fatar da ke kewaye da shi, shi ya sa ake yanke shi tare da lafiyayyen nama ta kowane gefe. Idan aka kankare sama aka bar ƙasa, ciwon yana nan, sai dai an ɓata wa likita na gaba alamar inda ya tsaya.

Wata biyu ba su cika ba naman ya dawo, ya fi na da. Sannan kaluluwa ta fito mata a matsematsin hagu.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Wani likitan fiɗa ɗan Faransa, Jean-Nicolas Marjolin, ya yi bayanin irin wannan gyambo a 1828, har yau da sunansa ake kiransa. Daji ne da ke tasowa a tsohon tabo, musamman na ƙunar da aka bari ta warke da kanta ba a yi mata dashen fata ba, ko a gyambon da ya shekara da shekaru yana ruwa. Yakan ɗauki kamar shekara 30 tsakanin ƙunar da bayyanarsa, wani lokaci ma fiye, shi ya sa ba wanda ke haɗa su. Fatar tabo siririya ce, jini bai wadace ta ba, tana tsagewa tana haɗewa shekara bayan shekara, a cikin wannan gyara da ba ya ƙarewa ne wasu ƙwayoyinta ke sauka daga layi. Kuma ya fi yawancin dajin fatar da rana ke jawowa saurin tsallakawa zuwa kaluluwa.

Yawancin bayanan da mutum zai tarar a intanet kan dajin fata maganar Turawa suke yi: zafin rana, tabon da ya canza launi a kafaɗa ko a hanci. Mai baƙar fata yana da kariya sosai daga wannan, amma nasa yakan fito ta inda ba a tsammani. Tsohon tabo da gyambo su ne kan gaba. Akwai kuma baƙin ɗigo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke ta faɗaɗa, wanda mai yankan farce zai kankare da sunan kaushi, alhali yana iya zama melanoma, mafi hatsarin dajin fata. Zabiya kuwa su rana ce ke cinsu kai tsaye, a fuska da kunne da wuya, sau da yawa tun suna samari. Duk ɓawon da ya ƙi tafiya a jikinsu abin nunawa likita ne.

Gardamar ƙarfe

An koma wankin ciwo, wannan karon a wani asibitin gwamnati a cikin gari. Wata dattijuwar nas ce ta warware bandejin, ta tsaya tana kallo, ba ta ɗauki auduga ba. Ta ce, "Mama, wannan ƙunar tun yaushe?" Da ta ji amsa sai ta rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta, ta je ta taho da likita. Shi ma ya duba bakin gyambon, ya lalubi matsematsi, ya ce ba zai ce komai ba sai an ɗebi nama an gwada. Ya ƙara da cewa duk gyambon da ya yi wata uku ana kula da shi yadda ya kamata bai nuna alamar rufewa ba, gwaji yake so, ba sabon maganin shafawa ba.

A gida maganar ta tsaya a wajen yayanta, wanda yaran ke kira Kawu, shi ne babba tun rasuwar mijinta. Ya ce in dai daji ake zato to kada a sake kusantarsa da allura ko wuƙa, kowa ya san daji ba ya son ƙarfe. Kuma yana da hujja a hannu: ba ga shi an taɓa ba, ya harzuƙa?

Wannan magana ta Kawu ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga an yi wa mai daji aiki ya dawo ya fi da, sun ga an kai wani asibiti bai yi wata ba ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne na farkon rabin aiki aka yi masa, na biyun kuma sai da ciwon ya gama bin jiki aka kai shi. Ƙarfen bai ƙara wa ciwon komai ba. Ita kuwa mai ciwon, tsoronta daban ne, ba ta faɗe shi ba sai da dare, ga 'yarta: "In na yarda suka ce daji ne, ƙafar za su yanke." Wannan tsoro shi ke riƙe mutane da yawa a gida, kuma jinkirin da yake jawowa shi ne ke kai ciwon ga ƙashi, inda yanke ƙafar ke zama dole.

'Yar ba ta yi musu da Kawu ba. Ta ce, "Kawu, ni ban iya mayar da bayanin likita daidai ba. Ka daure ka zo ka ji da kunnenka, abin da ka yanke shi ke nan." Ya je. Likitan ya ba shi kujera, ya nuna masa da ɗan yatsa girman abin da za a ɗiba, ya ce gwajin ba magani ba ne, tambaya ce, kuma in amsa ta fito ba wanda zai yi wa ƙanwarsa aiki sai ta sa hannu da kanta. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce a yi, Allah Ya sa a dace.

Ɗiban bai kai rabin awa ba. An yi allurar kashe zafi a gefen ciwon, aka yanko 'yan tsiraru daga bakinsa a wurare daban-daban, kowanne da ɗan lafiyayyen fata a jikinsa, domin tsakiyar gyambo yawanci ruɓaɓɓen nama ne da ba ya nuna komai. Aka jefa su a ƙaramar roba mai ruwan fomalin, wanda ke hana nama lalacewa, aka manna takarda mai sunanta da lambar katinta da inda aka ɗebo. 'Yar da kanta ta kai robar ɗakin gwaji, ta karɓi rasit mai lamba. A can ana daskarar da naman cikin kaki, a yanka shi siriri sosai, a shimfiɗa a gilashi, a rina, sannan a duba. Ana ajiye dunƙulen kakin da gilashin, kuma mai ciwo na da damar neman su in wani asibiti ya buƙaci ya sake dubawa. Na ce mata ta riƙe lambar nan kamar yadda take riƙe lambar asusunta na banki, ta kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya.

Da sakamako ya fito, an rubuta nau'in da likitoci ke kira sikwamas, dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin saman fata. Shi ne aka fi samu a irin wannan gyambo.

Ina za a je?

Da ciwo ya samu suna sai masu shawara suka yi yawa. Wani ɗanta da ke aiki a Kudu ya turo lambar wani dillali da ya gani a Facebook, mai kai marasa lafiya Indiya da Masar. Wata 'yar'uwa ta zo da jarkar maganin da ake tallarsa da lasifika, wai yana kashe daji kowane iri. Waɗannan biyu ba su daɗe a faifai ba: na farkon ko gidan aka sayar ba zai isa ba, kuma aikin da ake bukata ana yinsa a nan, na biyun an riga an sha irinsa shekara guda.

Zaɓin gaske huɗu ne. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, na Jami'ar Jihar Kaduna, wanda Keke Napep ma zai kai mutum. Akwai wani babban asibitin kuɗi da aka ce wani ƙwararren likitan fiɗa na zuwa yana aiki a ƙarshen mako. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ke da likitocin gyaran fata da dashenta, da sashen duban nama, da sashen daji da gashi, wato ƙona ƙwayoyin daji da hasken na'ura, duk a harabar guda. Sai Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, shi ma ana gashin daji a can, ga tashar jirgin ƙasa a nan Rigasa tun 2016.

Abuja ta fara faɗuwa, kuma ba kuɗin jirgi ya kayar da ita ba, masauki ne. Maganin daji ba zuwa ɗaya ba ne. In har aka kai ga gashi, ana yinsa ne Litinin zuwa Juma'a na makonni a jere, kuma mai jinya na bukatar inda za ta kwana ta dafa abinci. Ba su da kowa a Abuja. A Zariya kuwa akwai wata Goggonsu a Samaru, kusa da hanyar Shika. Masu lissafin asibiti kan manta da wannan, su tsaya kan kuɗin tiyata kaɗai.

Asibitin kuɗin shi ya fi jan hankali, kuma da dalili. Sun ce mako mai zuwa ma za a iya aikin. Wuri mai tsabta, ba layi, ana kiran mutum da sunansa. Bayan wahalar shekara da watanni, wa zai ƙi? Amma 'yar ta riga ta ga abin da gaggawa ta jawo a karon farko, don haka ta je da tambayoyinta. Mu Hausawa muna jin nauyin tambayar likita, kamar raini ne. Dabarar da ta yi ita ce ta jingina komai ga babba: "Likita, a yi mini afuwa, Kawunmu ne zai titsiye ni in na koma. Wa zai yi aikin da hannunsa? Ina za a kai naman da aka cire?"

Ta tambaya ko likitan ya kammala horon ƙwarewa a fiɗa, irin wanda Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙwarewa ta ƙasa ke bayarwa, ko kuwa likita ne na kowane ciwo. Ta tambaya da me za a rufe ramin bayan an yanke, tunda fatar ƙwauri ba ta jawuwa a ɗinke. Ta tambayi abin da za a yi wa kaluluwar. Ta tambaya in sakamako ya nuna an bar saura, ko ana bukatar gashi, wa zai karɓe su daga nan. Ta kuma nemi a rubuta mata kuɗin a takarda, a faɗi abin da ke ciki da abin da ba ya ciki.

Gaskiya sun amsa da kyau. Likitan ƙwararre ne, kuma sukan tura nama ɗakin gwaji. Shi da bakinsa ya ce mata yanka da dashe zai iya yinsu a nan, amma hoton da zai nuna ko ciwon ya taɓa ƙashi sai a wani wuri, gwajin kaluluwa a wani wuri, in kuma ta kama a yi gashi to Shika ko Abuja zai tura su, su buɗe sabon kati. Wannan amsa ta ƙara masa daraja a idona. Wanda za a guda shi ne mai cewa komai da komai a wajensa yake, ko mai ba da tabbacin warkewa tun bai ga takardar gwaji ba, ko wanda ransa ke ɓaci don an tambaye shi inda naman zai je.

Da ƙaramin ƙurji ne a hannu, ba kaluluwa, nesa da ƙashi, da na ce su yi a cikin gari, ko a asibitin koyarwa ko a na kuɗin, muddin ƙwararre ne zai yanka kuma za a gwada abin da aka cire. Ba kowane dajin fata ke bukatar tafiya ba. Nata kuwa yana da tambayoyi biyu a buɗe, ƙashi da kaluluwa, kuma amsar kowacce na iya canza aikin gaba ɗaya. A irin wannan hali an fi son inda mai yanka da mai duban nama da mai gashi ke duba fayil ɗaya. Suka zaɓi Shika, likitan asibitin gwamnatin ya rubuta musu takardar turawa, ya haɗa da sakamakon gwajin.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga mutumin Kaduna: daga Rigasa a fita zuwa Kawo, a hau motar Zariya, tafiyar kilomita kamar 80, a sauka Kwangila, a sake hawa wata ta bi ta Samaru zuwa Shika. Da ƙafa mai ciwo, sun gwammace su riƙa biyan kujerar gaba. Asibiti ne da jama'a ke zuwa daga jihohi da dama, kuma kowane sashe na da ranar da yake ganin marasa lafiya, saboda haka suka koyi kwana a Samaru su yi sammako, da kuma tambayar ranar kafin su baro gida. Takardar gwajin da suka zo da ita ta rage musu hanya sosai, domin ba a fara daga farko ba.

Aikin

An yi gwajin jini, aka tarar jininta ya yi ƙasa, abin da ba mamaki ga wadda ta daɗe ciwo na tsiyaya. 'Ya'yanta maza biyu suka ba da nasu aka ajiye. An auna suga, an yi hoton ƙirji da na ƙafa. Ƙashi lafiya lau. Kaluluwar aka duba da na'urar hoton ciki, aka soka siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke cikinta aka gwada: ba a ga ƙwayoyin daji ba, kumburin ƙwayoyin cuta ne daga gyambon, kuma ta ragu bayan an ba ta maganin da ya dace. Likita ya ce duk da haka ba za a ɗauke ido daga kanta ba, allura na iya kuskure.

Ana gobe aiki likita ya zo da alƙalami ya zana da'ira a ƙwaurin, kamar santimita 2 daga bakin ciwon ta kowane gefe, ya faɗaɗa ta wani ɓangaren don ya haɗa da mafi munin tsohon tabon. Da 'yar ta ga faɗin zanen sai da gabanta ya faɗi. Ta ce, "Likita, ai nan lafiyayye ne." Ya ce don yana lafiyayye ne ake haɗawa da shi.

An yi mata allurar baya da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Aka cire ciwon dunƙule guda har zurfinsa, aka sa zare a gefe ɗaya don ɗakin gwaji su gane sama da ƙasa. Sannan aka feƙe siririyar fata daga cinyarta, aka yi mata 'yan tsage-tsage don ta miƙe kuma ruwa ya samu mafita, aka shimfiɗa a ramin aka ɗaure. Kwana biyar ba a buɗe ba, ƙafa a ɗage bisa matashi, ba sauka ko don kewayawa. Abin da ya fi damunta ba ƙwaurin ba ne, cinyar ce, tana raɗaɗi kamar sabuwar ƙuna har ta rufe cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Da aka buɗe, dashen ya kama sai wani ɗan lungu a ƙasa, wanda ya cike da wanki.

Takardar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta biyu, ta naman da aka cire a tiyata. Mutane da yawa da an sallame su sai su manta da ita, su ce ai an gama. Ita ce ke faɗin ko gefuna da ƙasan abin da aka yanko sun fita tas, ko kuwa dajin ya kai har bakin wuƙa. Tata ta nuna an fita tas ta kowane ɓangare. Aka tura su sashen daji da takardun duka, likitocin can suka duba suka ce a halin yanzu ba ta bukatar gashi ko kemo, wato maganin daji da ake sa wa a jijiya ko a sha, sa ido kawai.

Kuɗi

Ba ta da rajistar inshorar lafiya, ko ta hukumar KADCHMA ta jiha ko ta tarayya, komai daga aljihu ya fito. Wani ya ba su labarin asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya, amma an fara shi ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet ɗin maza, nata bai shiga ciki ba. An ɗauki adashe biyu kafin lokaci, an sayar da tumaki, Kawu ya yi magana a masallacin layi, ɗan da ke Kudu ya ɗauki kuɗin tiyata. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ma wuri ne da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya nema tun da wuri, ba sai ranar sallama ba.

'Yar ta buɗe littafi tana rubuta duk abin da ya fita. Da muka duba tare, kuɗin mota da abinci da kayan wankin ciwo da magungunan da ake saye a waje sun kusa kamo kuɗin aikin kansa. Ta kuma yi lissafin abin da aka kashe a kemis da gargajiya da yankan farko, ya ninka kuɗin gwajin nama sau da yawa. Ba ta nuna wa mahaifiyarta wannan shafin ba.

Bayan sallama

Irin wannan daji in zai dawo ya fi dawowa a shekaru biyu zuwa uku na farko, ko a bakin dashen ko a kaluluwa, don haka aka sa mata ganin likita duk wata uku. Wankin ciwo da cire zare ba sai an je Zariya ba, an rubuta musu takarda suka ci gaba a asibitin gwamnatin da ke cikin gari, wajen nas ɗin da ta fara gano abin. An koya wa 'yar yadda za ta lalubi matsematsin mahaifiyar sau ɗaya a wata, da yatsu uku a kwance, tana neman ƙullutu mai tauri da ba ya zafi kuma ba ya motsi. In ta ji shi, ko ta ga wani wuri a dashen ya buɗe ya ƙi rufewa, ba za su jira ranar da aka rubuta ba.

Fatar dashe ba ta yin maiƙo da kanta, sai ana shafa mata mai kullum, a kare ta daga bugu da zafin wuta, a sa safa mai matsewa in za a daɗe a tsaye. Akwai kuma ragowar tsohon tabon ta bayan ƙwauri da ba a cire ba, shi ma yana cikin abin da ake dubawa.

Zuwa na biyu ya faɗo lokacin da kuɗi suka yanke, ita kuma mai ciwon ta ce tana jin garau, a bar ɗawainiya. Kawu ne wannan karon ya ƙi. Ya biya kuɗin mota, ya ce wa 'yar ta kawo masa takardar ya gani in sun dawo. An rubuta musu zuwa na gaba bayan Babbar Sallah, kuma a ranar za a sake hoton matsematsin.